Yadda ake yi wa motar haɗin gida takardar mallaka da rajista a Kalifoniya

Motar da ta fito daga masana'anta da asalinta take zuwa. Akwai lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17 a gindin gilashin gaba, akwai takardar kamfani, dila kuma ya san inda zai kai a buga masa hatimi. Wadda mutum ya harhaɗa da hannunsa a garejin gida ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. A idon hukuma tarin ƙarafa ce kawai, ko da kuwa inji yana tashi bugu ɗaya, fenti yana ɗaukar ido. Kafin ta taka kwalta sai an raɗa mata suna, an ba ta lamba, an yanke mata shekara, kuma duk da takardu ake yin wannan. Yawancin waɗanda motarsu ke shafe watanni a kulle bayan an gama aiki, ba noti ne ya kwance musu ba. Wani rasit ne da ba su karɓa ba shekara biyu da suka wuce.

Ga wanda bai saba da harkar ba: a Amurka da Ingila akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan, su ƙera shasi da bodi da ƙafafu da sauran tarkace, su turo maka a akwatuna, kai kuma ka nemo inji da giyabos ka ɗaura. Factory Five da ke jihar Masacuset ya yi suna wajen kwaikwayon Shelby Cobra ta 1965. Caterham na Ingila yana yin ƙaramar motar nan Seven tun 1973 da ya sayi haƙƙinta daga Lotus. Akwai kuma motocin yawo a rairayi irin Meyers Manx, waɗanda ake ɗora bodin roba a kan shasin Volkswagen ƙirar kunkuru bayan an rage masa tsawo. Da gangan kamfanonin nan suke sayar da kayan a Amurka babu inji babu giyabos. Da sun haɗa da su, a ƙa'ida dokar tarayyar Amurka za ta ɗauke su masu ƙera cikakkiyar mota, sai gwajin karo da na hayaƙi su hau kansu, abin da ƙaramin kamfani ba zai iya ɗauka ba.

Takardar mallaka da rajista a Amurka aikin jiha ne, kuma kowace jiha da nata tsarin. Na Kalifoniya za mu bi, domin ita ce ta fi tsanani a kan hayaƙi, wanda ya fahimci nata kuwa sauran ba za su ba shi wahala ba. Ofisoshi uku ne za su taɓa motar: hukumar rajistar motoci, wato DMV, 'yan sandan manyan hanyoyi, wato CHP, sai hukumar sa ido kan gyaran motoci, BAR, wadda gwajin hayaƙi ke hannunta. Kowannensu da abin da yake son sani. DMV tana son ta san motar taka ce kuma an biya haraji. CHP suna son su tabbatar babu kayan sata a jikinta. BAR kuma tana son ta san dokar hayaƙin wace shekara za a ɗora mata.

Sashe na 580 na dokar motocin jihar ya ware wa irin wannan mota aji nata, a takarda ana rubuta shi SPCNS. Sharaɗinsa shi ne an haɗa ta don amfanin mai ita, ba don sayarwa ba, kuma ba kamfani mai lasisin ƙera motoci ne ya haɗa ta ba. Riƙe wannan sharaɗi da kyau, zai sake dawowa a gaba.

Takardu tun daga ranar farko

Manyan sassa huɗu ne hukuma ke neman shaidar mallakarsu: inji, shasi, giyabos da bodi. Sauran ƙananan kaya rasit ɗinsu na lissafin kuɗi ne, amma waɗannan huɗun in babu takardarsu magana ta tsaya.

Shasi da bodi suna zuwa da takardar asali daga kamfanin da ya yi su, wadda aka fi sani da MSO ko MCO. Ita ce makwafin takardar haihuwa, kuma ta ainihi ake karɓa, ba hoto ba. Ranar da ta iso, ɗauke ta ka je gaban shasin ka gwada lambar da ke jikinta da wadda aka buga a ƙarfe, harafi bayan harafi. In an sami kuskuren alƙalami guda, a lokacin ne gyara yake da sauƙi. Ka duba sunanka ma, ya zo daidai da yadda yake a lasisin tuƙinka.

Inda aka fi faɗawa rami shi ne sayen aikin da wani ya fara ya gaji. Irin wannan kaya suna da arha, shi ya sa suke jan mutane. Sai dai takardar asalin sunan mutumin farko take ɗauke da shi, wani lokaci ma kayan sun bi ta hannu uku kafin su zo gare ka. Dole kowane hannu ya bar shaida: na farko ya sa hannu ya miƙa wa na biyu, na biyu ya rubuta takardar ciniki ga na uku, har zuwa kanka, sarƙa ba tare da gurbi ba. In mai sayarwa ya ce takardar ta ɓata amma "ba matsala, kamfani zai sake ba ka", ka ce ya karɓo ta tukuna sannan a yi ciniki. Kamfanonin nan da dama sun rufe, wanda ya rufe kuwa babu mai sake buga maka takarda.

Inji in sabo ne daga kamfani, rasit mai ɗauke da lambarsa ya wadatar. In na hannu ne, takardar cinikin ta ƙunshi sunan mai sayarwa da adireshinsa, kwanan wata, kuɗin da aka biya, lambar injin, da lambar shasin motar da aka ciro shi daga ciki. Wannan ta ƙarshen ita mutane ke mantawa, ita kuma ɗan sanda ya fi nema, don da ita zai bincika ko an taɓa kai rahoton satar waccan motar. Haka ma giyabos.

Wasu kan sayi mota guda su yanka ta, kamar yadda aka daɗe ana yi da Ford Mustang ta 1987 zuwa 1993 don haɗa Cobra, a kwashe inji da giyabos da ƙafar baya da wayoyi. In haka za ka yi, ka karɓi takardar mallakar motar yankan, kuma kafin ka sa mata sifana ka kai takardar da farantan lambarta DMV a soke ta, a ba ka rasit na sokewa. Wannan rasit shi ne shaidarka a kan duk abin da ka ciro. Kada ka bari masu gwangwan su ja gangar jikin su tafi da takardar ba ka riƙe komai ba.

In duk da haka wata takarda ta gagara, akwai mafita amma da kuɗi. Idan darajar motar ta kai dala 5,000 ko fiye, DMV za ta nemi takardar lamuni daga kamfanin inshora, fom REG 5057, a kan cikakkiyar darajar motar. Ma'anarta, in wani ya fito gobe ya ce injinsa ne, akwai inda za a biya shi. Kuma za ka rubuta bayani a fom REG 256 kan yadda kayan suka zo hannunka da dalilin rashin takardar.

Hotuna ma takardu ne. Ɗauki hoton akwatunan ranar da suka sauka, shasi tsirara a kan jak, inji yana rataye a sarƙa, kai kanka kana aiki a garejinka. Ba don tarihi kawai ba: idan aka tambayi wanda ya haɗa motar, hotunan ne za su amsa. In ka ba wani bakanike wani ɓangare na aikin, kamar fenti ko ɗaura inji, ka karɓi rasit mai bayyana abin da ya yi. Abin da ya kamata ka guje wa shi ne kamfani ɗaya ya sayar maka da shasi da bodi, shi ya sayar maka da inji, shi kuma ya ɗaura. A nan hukuma za ta iya cewa wannan ai ƙirar kamfani ce, ba haɗin gida ba, kuma gyara wannan a takarda abu ne mai wuya.

Lambobin da ke jikin ƙarfe

Tun inji yana ƙasa ya kamata ka nemo lambobinsa, ka goge su da burushin waya, ka ɗauki hoto. A ƙaramin injin V8 na Chevrolet, ana buga lambar a wani ɗan faifai da ke gaban kan silinda na ɓangaren fasinja. Matsalar ita ce, idan aka kai bulok wurin masu injin sassaƙa don a daidaita samansa, wuƙar takan share faifan nan gaba ɗaya, lambar ta tafi. Ka gaya musu tun farko su tsallake wurin, in kuma ba zai yiwu ba, ka ɗauki hoto kafin aiki, su rubuta a rasit cewa su suka share kuma ga lambar da ke wurin. Ba ƙaramar magana ba ce, domin sashe na 10751 na dokar motoci ya ba ɗan sanda ikon riƙe duk wani sashen mota da aka goge ko aka sauya lambarsa har sai an tantance.

A injin Ford 289 ko 302, lambar zubi tana saman inda sitata ke zama, wurin da ba ya ganuwa da zarar an ɗaura komai. Harafin farko yana nuna zangon shekaru goma: C na shekarun 1960, D na 1970, E na 1980, F na 1990, alƙalamin da ke bi masa kuma shi ne shekarar. Don haka C5 na nufin ƙirar 1965, E7 kuma 1987. Sanin wannan zai yi maka amfani idan aka zo maganar shekara.

Mai aiki da shasin Volkswagen kuma ya tuna lambar tana kan tudun tsakiya, ƙarƙashin inda kujerar baya take. Lokacin yanka shasin don rage tsawo, kada abin yanka ko walda ya kusanci wurin.

Maganar shekara, wadda ita ce zuciyar al'amarin

A Kalifoniya motar da shekararta ta kama 1975 zuwa baya ba ta zuwa gwajin hayaƙin da ake yi duk bayan shekara biyu. Motar da aka haɗa bana kuwa, a ƙa'ida ta bana ce, ke nan sai ta cika sharuɗɗan sabuwar mota: kwamfutar inji, tukunyar tace hayaƙi a salansa, na'urar kama tururin mai daga tanki, da sauransu. Injin kafireta ba zai taɓa tsallake wannan ba.

Dokar da ta buɗe ƙofa ita ce SB 100, wadda Sanata Maurice Johannessen ya gabatar, ta fara aiki a 2002. Ta ce mutum 500 na farko a kowace shekara za su iya neman a yanke wa motarsu shekara ta hanyar kamanni. Mai mota ne zai zaɓa, ko a duba bodi ko a duba inji. In an duba bodi, za a ba ta shekarar motar da ta fi kama da ita. In ba ta yi kama da kowace mota da aka taɓa ƙerawa ba, sai a ba ta 1960. Wanda ya zo bayan an cika 500, shekarar da ya shigar da takardunsa ita za a ɗora masa.

Kusan kullum bodi ya fi dacewa a zaɓa. Mai kwaikwayon Cobra da ya ɗaura injin 1990, in ya zaɓi bodi ya zama ɗan 1965, in ya zaɓi inji ya jawo wa kansa duk kayan hayaƙin 1990 da gwaji har abada. Shekara ɗaya ma tana da tasiri: a 1966 Kalifoniya ta fara tilasta na'urorin rage hayaƙin salansa a sababbin motoci, saboda haka tsakanin 1965 da 1966 akwai bambancin kayan da za a nema a jikin inji.

A shekarun farko lambobin nan 500 kan ƙare a ranar aiki ta farko ta Janairu, mutane na yin sammako su yi layi a ƙofar ofis. Daga baya cunkoson ya ragu ƙwarai. Duk da haka, wanda ya san motarsa ta kusa kammala gara ya nema da wuri a shekara. Wanda kuma ba ya son bin wannan hanya, akwai injuna da ake sayarwa haɗe da cikakkun kayan hayaƙinsu da amincewar hukumar kula da iska ta jihar, irin E-ROD na General Motors. Suna da tsada, kuma dole a ɗaura kowane yanki yadda takardar amincewar ta ce, ba ragi ba ƙari.

Zuwan farko DMV

Ka riƙe fom REG 343, na neman takardar mallaka da rajista, da REG 5036, wanda a ciki za ka bayyana yadda aka haɗa motar, inda kowane babban sashe ya fito da kuɗinsa. Ka haɗa da takardar asali da rasit na ainihi, amma ka yi kwafin komai gida biyu kafin ka fita, domin abin da ka miƙa ba lallai ya dawo hannunka ba. Ka jera rasit ɗin a takarda guda, kowanne da kuɗinsa da harajin da aka biya a kansa, jimla a ƙasa. Ma'aikacin da aka miƙa wa lissafi a tsare ya fi saurin sallamar mutum a kan wanda aka zube wa leda cike da takardu.

Ba kowane ma'aikaci ne ya taɓa yin irin wannan aiki ba, wani ofishin sai ya shekara bai ga ko ɗaya ba. Ka faɗa a fili cewa kana neman lambar jeri ta SB 100, wato lambar gurbinka a cikin mutum 500 ɗin nan. Ofishin ne zai tuntuɓi hedikwata a Sakaramento a ware maka lamba, takardar shaidar kuma ta biyo ka ta gidan waya. In wanda ke gabanka bai gane ba, cikin ladabi ka nemi a kira shugaban sashe. Kada ka yarda a buɗe maka fayil a matsayin "Ford 1965" don a sauƙaƙa. A gurbin sunan kamfani SPCNS za a rubuta.

Sai kuɗi. Duk kayan da ka saya daga wata jiha ba a caje ka harajin Kalifoniya ba, yanzu za ka biya. Mafi ƙarancin harajin ciniki a jihar kashi 7.25 cikin ɗari ne, garuruwa da yawa kuma sun ɗora nasu a kai. In kayan da ba a biya wa haraji ba sun kai dala 30,000, ka tanadi aƙalla dala 2,175. Abin da ka riga ka biya wa haraji a shagon cikin jiha ba za a sake cajinsa ba, muddin rasit ya nuna. Ban da wannan akwai kuɗin lasisi na shekara, kashi 0.65 cikin ɗari na darajar motar, da sauran kuɗaɗen rajista. Jarabar rage daraja a takarda tana da ƙarfi, amma sa hannun da ke ƙasan fom ɗin rantsuwa ce, kuma ranar da aka sace motar ko ta ƙone, kamfanin inshora zai iya tambayar dalilin da motar da ka ce wa hukuma ta dala 12,000 ce ta zama ta dala 50,000.

Kafin ka bar wurin ka karɓi izinin hawa titi da motar na wucin gadi, wanda zai ba ka damar kai motar wuraren dubawa, da fom REG 124 na zuwa wurin CHP. In izinin bai samu ba, a tirela za ka riƙa jan ta.

Wurin 'yan sanda

Sai ka kira ka nemi rana, domin jami'in da ke wannan aiki ba kullum yake zaune ba, jira na makonni kuma ba abin mamaki ba ne. Zai karanta takardunka, ya leƙa lambar shasi da ta inji da ta giyabos, ya bincika su a rumbun bayanan kayan sata. In komai ya fita tsaf, zai ba motar lambar shaida, ko dai ya amince da wadda kamfani ya buga, ko ya ba ta ta jiha mai farawa da CA a ɗan faranti da ake kafewa da ribit a jikin shasi.

Ka je da tocila da ƙaramin madubi da 'yan sifanu, ko da za a ce ka cire wani murfi. Ka kuma tanadi wuri shimfiɗaɗɗe a jikin ƙarfen shasi, inda ido zai gani ba sai an kwance komai ba, ba a jikin bodin roba ko wani faifai da ake cirewa ba. Masu fesa wa shasi fenti mai kauri su rufe lambar kamfani da tef kafin feshi, don fentin yakan cike ramin haruffan har 8 ta koma kamar B. Farantin da aka kafe maka kuma kada ka taɓa cire shi, ko don fenti.

Birki da fitilu

A da takardu biyu ake karɓowa, ta birki da ta fitila. Tun 2024 an haɗe su cikin duba guda na kayan kariya, wanda garejoji masu lasisin BAR ke yi. Abubuwan da ke kayar da motocin haɗi sanannu ne. Fitilun gaba dole tsakiyarsu ta kasance tsakanin inci 22 da 54 daga ƙasa, wato kamar santimita 56 zuwa 137. Motoci irin Cobra da Seven gajeru ne, in ka sauke su ƙasa sosai don kyau sai fitila ta gaza inci 22. Ka auna da tef a kan siminti, taya cike da iska, in ya gaza ka ɗaga sifirin. Na baya kada su yi ƙasa da inci 15. Birkin ƙafa ya tsayar da mota cikin ƙafa 25 daga gudun mil 20 a awa, kusan mita 7.6 daga kilomita 32. Birkin hannu kuwa ya zama mai zaman kansa, ya riƙe mota a gangara. Shi ne ya fi ba da kunya, saboda wayarsa sabuwa takan miƙe bayan an ja ta sau kaɗan, sai a sake ɗaure ta.

Yawancin matsalar fitila a bodin roba daga waya mai komawa ƙasa take. Roba ba ta ɗaukar wuta, don haka kowace fitila sai an ja mata wayarta zuwa ƙarfen shasi, a kankare fenti a wurin, a ɗaure tam. In ka taka birki ka ga sigina tana haskawa dishi-dishi, can matsalar take. Wanda ya sa ƙwayayen LED kuma ya ga sigina tana ƙiftawa da sauri ko ta ƙi gaba ɗaya, ya canza filasha zuwa irin ta lantarki, don tsohuwar da zafin wuta take aiki, LED kuwa ba ta jan wutar da za ta ɗumama ta.

Doka tana kuma neman gilashin gaba da waifa, madubai biyu ɗaya a hagu, ham da za a ji daga ƙafa 200, fitilar farantin lamba ta baya, da abin tare ruwa da tsakuwa a bayan tayoyi. Ƙarar salansa kada ta wuce desibel 95. Salansar gefe ta Cobra tana yawan kusantar wannan iyaka, musamman in audugar cikinta ta ƙone.

Gaban rafali

Jami'in BAR da ke yanke hukunci kan hayaƙi rafali ake ce masa, kamar na ƙwallo, kuma galibin wurarensu a harabar kwalejojin al'umma suke. Ba a zuwa sai takardar shaidar lambar jeri ta iso kuma CHP sun gama nasu. Zai duba takardu da hotuna, ya tabbatar motar haɗin gida ce, ya dubi bodi ko inji bisa zaɓinka, ya yanke shekara.

Ga motar da aka ba 1965, babban abin da zai nema shi ne hanyar mayar da tururin baƙin mai cikin inji, wato tsarin PCV, kuma rufaffe. Yadda yake shi ne: bawul a kan murfin bawul na gefe ɗaya, tiyo daga nan zuwa gindin kafireta inda iska ke tsotsa, a ɗaya gefen kuma tiyo daga murfi zuwa cikin gidan matatar iska. Abin da ke kayar da mutane shi ne 'yan hulunan nan masu ƙyalli da ake sawa a kan murfi, masu sakin tururi kai tsaye cikin iska. Suna da kyau a ido, amma buɗaɗɗu ne. Ka duba gindin gidan matatar iskarka ko akwai bakin da tiyo zai shiga, in babu ka huda ka sa. Masu kafireta da yawa a jere, kowace da ƙahonta, su ne aikin ya fi yi wa wuya, gara su tsara hanyar tiyon tun kafin su nemi rana. Ka je da inji mai lafiya, an daidaita wuta da mai, ba ya ɗigar da komai.

In an gama zai manna wata takarda a jikin motar mai nuna shekarar da aka ba ta da matsayinta. Ka ɗauki hotonta, kuma ka kiyaye ta daga ruwan wanki mai ƙarfi da fenti, don ita ce hujjarka a gaban duk wani mai dubawa nan gaba.

Komawa DMV da abin da ke biyo baya

Ka tattara komai ka koma: REG 124 da ɗan sanda ya cike, takardar duba kayan kariya, ta rafali, takardar shaidar lambar jeri, da shaidar inshora. Tun 1 ga Janairun 2025 mafi ƙarancin inshora a jihar shi ne dala 30,000 na raunin mutum ɗaya, 60,000 na haɗari guda, 15,000 na dukiya. Wannan na wanda ka buge ne kawai. Don motar kanta, ka nemi kamfanin da ke yin yarjejeniyar daraja tun farko, a rubuta adadin da za a biya in ta salwanta, domin babu littafin farashin da ya san motar da ka haɗa a garejinka. Da yawansu suna ba da inshorar kaya tun ana cikin haɗi, abin da inshorar gida ba kasafai take rufewa ba.

Za a ba ka faranti biyu, gaba da baya, kuma jihar tana son a ga duka biyun a jiki, ko da hancin motar bai da wurin sawa. Takardar mallaka za ta zo ta gidan waya bayan 'yan makonni. Za ka ga SPCNS a wurin suna, kuma ba za ka ga 1965 a gurbin shekarar ƙira ba. Ba kuskure ba ne: shekarar da rafali ya yanke ta hayaƙi ce kaɗai. Amma ka gwada lambar shasin da ke takardar da wadda ke jikin ƙarfe tun ranar.

Akwai gajeriyar hanya da za a iya yi maka tayinta: a samo maka takardar wata tsohuwar mota daga jihar da ba ta tsananta bincike, a shigo da motarka a matsayin ta 1965 ta gaske, haraji kaɗan, babu rafali. An yi wannan da yawa a baya, har jihar ta bi sawu ta gurfanar da mutane, daga baya a 2010 ta buɗe ƙofar afuwa ta ɗan lokaci ga masu son gyara takardunsu su biya abin da ake bin su. Rajistar ƙarya laifi ne a ƙarƙashin sashe na 4463, ana iya ƙwace motar, kuma wanda ka sayar wa ita ma ya gaji matsalar. Haka nan in kai ne mai saye: ka ga kwaikwayon Cobra da takarda mai cewa Ford 1965, ka tambayi yadda aka yi.

Wanda zai ƙaura da motar zuwa wata jiha ya binciki dokar can kafin ya tashi, don wasu jihohin suna rubuta shekarar da motar ta kwaikwaya a takardar mallaka, wasu shekarar da aka haɗa ta, wasu kuma sai sun sake dubawa da kansu. Mai niyyar saka ta a jirgin ruwa zuwa Legas ko Kwatano ko Tema kuwa, kwastan na Amurka suna neman takardar mallaka ta ainihi aƙalla awa 72 kafin fitarwa, don haka sai a jira ta iso ta gidan waya kafin a kama wa motar wuri a jirgi.